Sun ce gwaji ne, sai na ga fassarata a shafinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai fassara ce daga Turanci zuwa Hausa, shekarata huɗu a sana'ar. Watannin baya wani kamfani ya turo mini takardar wayar da kai kan rigakafin yara, kalmomi kusan 3,000, wai gwaji ne kafin su ɗauke ni. Kwana huɗu na yi a kanta ba barcin kirki. Tun da na miƙa, shiru kake ji. Kwanan nan na ga fassarar a shafinsu, har da wata kalma da ni na ƙirƙiro ta. Yanzu ga wani kamfanin ya turo irin wannan. Abokan sana'a sun ce in yi haƙuri, haka kowa ya fara, kuma abin da na miƙa ya riga ya zama nasu. Ina tsoron in ƙi a daina nemana. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Aiki aka sa ki, aka laƙaba masa sunan gwaji don kada a biya ki. Na daɗe ina shirya wa masu neman aiki gwaji, kuma kalmomi 250 zuwa 300 sun ishi mai dubawa ya gane ko mutum ya iya fassara. Wanda ya san aikinsa tun a sakin layi na biyu yake ganewa. Duk gwajin da ya wuce awa ɗaya ko biyu, ko aka ciro shi daga aikin da kamfani ke shirin sayarwa, kuɗi ake biya a kansa. Har akwai masu yanka babbar takarda gunduwa-gunduwa, su raba wa mutum goma kowa da nasa "gwajin", su haɗa su miƙa wa mai kwangila. A Ostireliya hukumar kula da haƙƙin ma'aikata ta fito fili ta ce gwajin da ba a biya iyakarsa lokacin da ake bukata mutum ya nuna ya iya. Abin da ya haura haka aiki ne, sai an biya.

Amma abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne maganar nan ta "ya riga ya zama nasu". Kusan kullum sai na ji ta, daga masu fassara, daga masu zanen tambari, daga yaran da ke rubuta manhaja. Wa ya faɗa? A ina aka rubuta? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce haƙƙin aiki yana hannun wanda ya yi shi, sai fa idan akwai yarjejeniyar da ta ce akasin haka. Ta kuma ce mallaka wa wani wannan haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Tura fayil ta imel ba sayarwa ba ce. Su ne masu rubutun Turancin, babu musu, amma Hausar da kika zauna kika tsara guminki ce, kuma ba su ɗauke ki aiki ba balle su ce a bakin aikinsu kika yi ta.

Wannan jita-jita tana da illa domin ita ce ke rufe wa mutane baki. Wanda ya yarda cewa kayansa ba nasa ba ne, ba zai ma je cigiya ba. Cikin masu yaɗa ta kuwa har da 'yan koyar da dabarun samun aiki a Facebook da TikTok, waɗanda ba su taɓa buɗe dokar ba, suna gaya wa matasa su yi duk abin da aka sa su kyauta don "a ga hazaƙarsu". Hazaƙar da aka gani aka kwashe ba a ce ko sannu ba, me ta ƙara wa mai ita? Kuma duk lokacin da mutum ɗaya ya yi kwana huɗu a banza, ya karya farashin duk wanda ke bayansa a layi.

Sai dai ki koma ki duba wasiƙun da kuka yi. Idan kin sa hannu a wata takarda, ko kin danna "na amince" a fom ɗinsu, ki karanta abin da ke ciki da kyau, domin nan suke ɓoye sharaɗin mallaka. Ko babu takarda ma, doka ta yarda ana iya fahimtar izinin amfani daga yadda mutane suka yi mu'amala, kuma da wannan za su so su fake. Kalmar "gwaji" da suka rubuta da hannunsu ita ce hujjarki: don a auna ki kika bayar, ba don a buga ba.

Ku kuma 'yan'uwana masu ɗaukar ma'aikata, ku ji tsoron Allah. A hadisin da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah Ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar alƙiyama har da wanda ya ɗauki ɗan ƙwadago, ya karɓi aikinsa cif, ya hana shi ladansa. Sauya wa aikin suna ba ya sauya hukuncin. Wanda kuka gwada bai yi muku ba, aƙalla ku rubuta masa layi biyu ya san matsayinsa.

Kamfani na biyu ki ba su amsa cikin ladabi: za ki yi kalmomi 300 kyauta, don tantancewa kaɗai, ba a yarda a buga ko a ba wani ba; in suna son duka, ga farashinki na kowace kalma. Kamfanin kirki ba ya gudun mai irin wannan magana. Na farkon kuma ki ɗauki hoton shafin yau ɗin nan kafin su cire, ki adana imel ɗin da kwanan watansa da fayil ɗinki na asali. Ki tura musu takardar neman biya, ki ba su mako biyu. In sun yi kunnen uwar shegu, ki kai ƙorafi Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, ko ki ga lauya. Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron irin wannan ƙara.