Ƙanenka da Elite Two, ga abin da na gani

Salam ɗan'uwa, ka ce wani kulob na Elite Two na neman ƙanenka, wai ya je ko ya zauna? Ni dai na ce ya je, amma ya san kakar tana da wuya sosai.

Elite Two ce gasar ƙwallon ƙafa ta biyu a Kamaru, Elite One na sama, ƙasan Elite Two kuma sai gasar yankuna, na saman tebur su hau na ƙasa su gangara, shi ya sa ƙarshen kaka kowane wasa tamkar yaƙi ne. Abin da ya fi kashe 'yan arewacin Kamaru tafiya ce wallahi, daga Garwa mota zuwa Ngaundare, sannan jirgin ƙasa ka kwana ciki har Yawunde, ka sauka ƙafa a kumbure kuma gobe a ce ka buga minti 90 a filin da ruwa ya jiƙa.

Albashi kuma yakan makara, don Allah kar ya taɓa ƙwallo sai ya sa hannu a kwantiragi, hukumar ƙwallon Kamaru, FECAFOOT, ta ba shi lasin. Ku tambaya wa zai biya asibiti in ya ji rauni, a rubuta a takarda. Vincent Aboubakar ma, ɗan wasan gaban Kamaru, a kulob ɗin Coton Sport na Garwa ya fara kafin Faransa, masu neman 'yan wasa suna zagayawa.