Gwaggo, wa kuke yi wa bishara a Legas?

Ɗiyata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya jikin babanki, yaya maigidan da yara? Na ji Zumuntar Mata ta ekklesiyarku ta zaɓe ki magatakarda. Allah ya taya ki riƙo.

Saƙonki ya iso, kuma ba ke kika fara yi mini wannan tambaya ba. Kika ce Legas da kowane layi akwai coci, lasifika na tashi tun asuba, wa ya rage bai ji ba har da za mu ce muna aikin bishara? Ku a Malumfashi kun san inda filin yake, ga ƙauyuka nan kuna gani. Mu kuwa, ko dai sujadar Lahadi ce kawai da baiko, sai kowa ya kama gabansa? Ban ji haushi ba. Akwai masu yin hakan a cikinmu, sunansu na cikin littafi, amma ba su ne suke riƙe da ekklesiya ba. Bari in gaya miki yadda masu riƙon suke yi.

Ki fara sanin su wa ke zama a sujadar Hausa a nan. Mu da Hausa ce harshen da muka sha a nono ba mu da yawa. Ga Bajju da Atyap daga kudancin Kaduna, ga Berom da Ngas daga Filato, ga Tangale, ga Sayawa, ga mutanen Zuru, ga Bura da Margi da Kilba. Wasu 'yan ɗarikar ECWA ne tun daga gida, wasu COCIN, wasu EYN ko HEKAN, kuma wanda bai sami tasa kusa ba sai ya shiga wadda ya ji ana waƙa da Hausa. Sojoji ne da 'yan sanda da iyalansu daga bariki, masu gadi, 'yan acaba, masu dako, direbobin manyan motoci, 'yan mata masu aikin gida, da kaɗan daga ma'aikatan ofis. Cocin da ke layinsu da Yarbanci yake sujada ko da Turanci. Yaron da ya bar ƙauye jiya zai zauna a ciki awa uku ya fito bai kama komai ba, kuma ba wanda zai tambaye shi inda ya kwana.

To, filinmu a mota yake zuwa. Ki je kasuwar Mile 12 da sassafe ki ga tireloli suna sauke tumatir da albasa da attarugu, ki duba saman kayan. Samari ne zaune, ƙura ta rufe su, kowa da 'yar jakarsa da lambar wayar wani ɗan garinsu wanda wataƙila ya daɗe da canja layi. A cikinsu akwai 'ya'yan ekklesiya, waɗanda a gida suke buga ganga a ƙungiyar mawaƙa ko suke tafiya wa'azi da 'yan Sabon Rai, ƙungiyar masu fita bishara. Idan ba a same su a watannin farko ba, da wuya a sake samunsu. Ba don sun yi musun bangaskiya ba. Garin ne yake cinye mutum, yau aiki, gobe gajiya, jibi kunyar ba shi da rigar da zai sa, har shekara ta zagayo bai taka ƙofar majami'a ba. Saboda haka matasanmu da dattawa suke da mutane a kasuwanni da tashoshi, a Mile 12, a Agege, a Obalende. Da an ji baƙo ya sauka, sai a neme shi, a san sunan garinsu da na fastonsu, a sama masa wurin kwana, ko da benci ne a harabar coci, kafin a samo masa abin yi.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne mai gadi. Ran Lahadi maigida da iyalinsa za su shiga mota su tafi nasu cocin, shi kuwa shi ne zai buɗe ƙofa ya rufe ya zauna. Wani sai ya yi wata da watanni bai sami Lahadi ɗaya ba. Mukan raba kanmu biyu biyu ko uku uku bayan an tashi sujada, mu bi su. Ki ga ɗakin gadin, ɗiyata, da ƙyar katifa ta shiga, ga risho a lungu, ga rediyo rataye a ƙusa, ga rigar aiki a bayan ƙofa. Sau da yawa ba a yarda baƙo ya shiga ba, sai ya buɗe ƙaramar ƙofa ya tsaya daga ciki, mu daga waje. Mu miƙa masa kular tuwo da miyar kuka, ɗaya daga cikinmu ta buɗe Littafi Mai Tsarki ta karanta 'yan ayoyi, mu rera baiti ɗaya a hankali don kada maƙwabta su yi ƙorafi, a yi addu'a a tsaye. Sai kuma tambayoyi: an biya ka albashin watan jiya? Ka aika wa matarka? Yaushe rabonka da jibin Ubangiji? Idan an hana shi kuɗinsa, akwai dattijo a cikinmu, tsohon soja, da zai sa kaya masu kyau ya je ya yi magana da maigidan cikin ladabi. Duk abin bai fi rabin awa ba, amma zuwa da dawowa, daga Agege zuwa Lekki ko Ajah, ya cinye yinin gaba ɗaya da kuɗin motar da zai yi cefanen kwana biyu.

Abin da nake so ki gane ke nan game da sa kai a nan. A gida coci na bayan gidanku, ki ji ƙararrawa ki ɗaura ɗankwali ki fita. A Legas kowane taro sai an saye shi da lokaci da kuɗin danfo, motar haya ta garin nan. Matar da take zuwa koyon waƙa a tsakiyar mako daga Ikorodu ta rufe sana'arta da wuri, ta yi awa biyu a cunkoso, za ta koma gida yara sun yi barci. Shi ya sa muka rarraba addu'ar mako zuwa shiyya shiyya, kowace unguwa a gidan wani, a ɗaki ɗaya a zauna a bakin gado da kan bokiti. Zumunci a ƙafa yake, kuma a garin nan ƙafar tana da tsada. Ni a wurina, wanda ya turo kuɗi mai yawa ta waya amma ba a taɓa ganinsa a bakin gadon mara lafiya ba, ya yi rabi ne kawai. Ba na raina kuɗinsa, muna bukatarsa ƙwarai. Amma majiyyacin da ba ya jin Turanci ba ya jin Yarbanci, abin da yake nema shi ne wanda zai tsaya ya fassara wa likita inda ke masa ciwo, ya bi layin sayen magani, ya ba da jini idan an nema.

Mutuwa kuma ita ce babbar jarrabawa. Mutanenmu da yawa suna so a kai su gida. Kuɗin ɗakin ajiye gawa, akwati, takardu, motar da za ta yi tafiyar yini da dare zuwa Kafanchan ko Billiri ko Mubi, duk a kan ekklesiya yake faɗowa idan mamacin ɗan acaba ne da bai bar komai ba. A ranar za a buɗe littafi, kowace ƙungiya ta kawo nata, a zaɓi dattijo da mata biyu su raka gawa har gaban iyayensa. Mun sha yin haka ga wanda sau ɗaya ko biyu muka taɓa ganinsa a sujada. Akwai masu gunaguni a kan haka, suna cewa a fara duba ko yana biyan zakkarsa. Ban yarda da su ba, kuma na faɗa a gaban taro. Uwar da aka kai wa gawar ɗanta da mutunci, ita da dukan ƙauyensu sun ji wa'azin da ba za su manta ba.

Haka aka yi lokacin da aka hana acaba a ƙananan hukumomi shida na Legas daga 1 ga Yuni 2022. Samarinmu da yawa suka wayi gari ba sana'a. Wasu aka haɗa musu kuɗin mota suka koma gida noma, wasu aka nema musu gadi ko aikin gini, wasu matan zumunta suka riƙa dafa musu abinci bi da bi har suka tsaya da ƙafarsu.

Kada ki ɗauka wa'azi da baki ba ma yinsa. Muna yi. 'Yan Sabon Rai suna fita, ana ajin baftisma, ana buɗe ɗakin addu'a a sabuwar unguwa inda mutanenmu suka taru, a fara a ajin makaranta ko a rumfa har ya zama ekklesiya mai zaman kanta. Sai dai muna yinsa da sanin inda muke zaune. Nan Agege Hausawa Musulmi sun kafu tun zamanin fataucin goro da jirgin ƙasa, da sarkinsu da masallatansu, kuma su ne maƙwabtanmu, su ne abokan cinikinmu, wasu ma danginmu ne na jini kamar yadda kika sani. Ranar Sallah su aiko mana da nama, ranar Kirsimeti mu aika musu da shinkafa, kuma muna kula da wanda ya yanka kazar. Idan rikici ya tashi, kamar na Idi-Araba a 2002 ko na Mile 12 a 2016, ba wanda yake tambayar addininka, ɗan Arewa ɗan Arewa ne. Don haka ba ma zagin addinin kowa, ba ma kafa lasifika a ƙofar kowa, kuma ba ma sa taimako ya zama tarko. Wanda ya zo da yunwa a ba shi abinci, ko ya saurari wa'azi ko bai saurara ba. Wanda ya tambaye ni dalilin begen da nake da shi, ina gaya masa sarai ba ɓoye-ɓoye, kuma ana tambaya fiye da yadda kike zato, domin da yawa ba su taɓa ganin Bahaushiya Kirista ba sai a kaina.

Sai maganar kuɗin mishan, wadda ta shafe ku kai tsaye. Duk lokacin da makon EMS, ƙungiyar aika masu bishara ta ECWA, ya zagayo, fastonmu yakan tuna mana cewa ta garin nan aka bi aka kai mana bishara. A Disamba 1893 Turawan mishan Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka sauka a Legas da niyyar kaiwa ƙasarmu ta Arewa. Kafin 1894 ta ƙare Gowans da Kent sun mutu a hanya, Bingham ya koma gida da ciwo, sai a 1902 aka iya kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na SIM, ƙungiyar mishan da suka fara, ne ECWA ta fito a 1954, amma ƙungiyar aika 'yan mishan ta 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS, ta riga ta, tun 1948. Wato kakanninmu sun fara aika nasu masu bishara tun ekklesiyar ba ta da suna. Idan ya faɗi haka, sai ki ga mai gadi ya ɗauki alkawarin wani abu kowane wata, mai sayar da kunu ta ware cinikin rana guda. Zumuntar Mata tamu tana tara zannuwa, sabulu, takalman yara da kuɗin makaranta don iyalan 'yan mishan. Mai bisharar da kike gani a kan tsohon babur yana shiga ƙauyukan da ke bayanku, ba mamaki man da ke tankinsa daga gumin wani ɗan dako na Mile 12 ya fito. Wanda ya samu dama a cikinmu kuma yakan bi ayari zuwa filin da kansa, ya ga rijiyar da aka haƙa ko rufin da aka ɗora, ya dawo ya ba da rahoto a gaban jama'a, domin kuɗin talakawa ne, dole a san inda kowace naira ta shiga.

Akwai inda muke da rauni, ba zan ɓoye miki ba. 'Ya'yan da muka haifa a nan Turanci da Yarbanci da Burokin suka fi zama a bakinsu. Suna girma sai su koma sujadar Turanci, wasu su tafi manyan cocin gari. Ba na cewa sun ɓata, Almasihu ɗaya ne. Amma wa zai tsaya a ƙofar mai gadi nan da shekara ashirin idan ba wanda ke jin harshensa? Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, abin takaici ne a ce jikokinmu ba sa iya karanta aya ɗaya a ciki. Shi ya sa na ɗauki ajin yara a makarantar Lahadi, muna haddace aya da Hausa da Turanci, ina koya wa 'yan mata buga tulu da kacau-kacau. Wata damuwar ita ce gasar anko da ta shigo cikin mata, har wata ta ƙi zuwa taro don ba ta da sabon zanen zumunta. Mun yanke cewa duk mai hali ta sayi biyu, ɗaya a ajiye wa wadda ba ta da shi, ba tare da an kira suna ba.

Yanzu ga abin da nake roƙo a wurinki, tunda alƙalami yana hannunki. Duk yaron da zai taho Legas daga ekklesiyarku ko rassanta, ki sa fasto ya ba shi takardar shaida, a rubuta ko an yi masa baftisma, ko yana cin jibi, da ƙungiyar da yake ciki, sa'an nan ki kira ni tun motar ba ta tashi ba don a tarye shi. 'Yan mata kuma, ki tsaya a gaban matan zumunta ki faɗa musu da babbar murya: kada uwa ta ba da 'yarta aikin gida a hannun dillaliya ba tare da ta san sunan unguwa, lambar gida da wayar uwar ɗakin ba, kuma a yi sharaɗi tun farko cewa za a bar yarinyar ta zo sujada. Akwai waɗanda muke nema yanzu haka, iyayensu ba su san komai ba sai cewa suna Legas. Idan akwai irinsu a wajenku, ki tattaro mini sunayensu da hotunansu da sunan wadda ta tafi da su, ki turo mini kafin taronmu na wata mai zuwa.

Ki gaishe da babanki, ki ce masa maganin ƙafar yana hanya. Ki gaishe da Mama Fasto da dukan matan zumunta.

Gwaggonki,
daga Agege