Tambaya da Amsa: Malamin Asibitin da Kakana Bai Manta Ba

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Kakana tsohon soja ne da ya yi yaƙin basasa. Idan muka tambaye shi labarin yaƙi sai ya yi shiru, amma ba ya gajiya da ambaton wani malamin asibiti da ya ɗaure masa ƙafa a filin daga. Mene ne aikin irin waɗannan mutane, kuma yaya zan adana labarinsa ba tare da na fama masa tsohon ciwo ba? Daga wata mai karatu a Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ƙara wa kakanki lafiya. Yaƙin da ya halarta ya fara ne a Yulin 1967, ya ƙare ranar 15 ga Janairun 1970, ranar da a yanzu ake tunawa da 'yan mazan jiya kowace shekara.

Mutumin da yake ambata da wuya ya zama cikakken likita, domin manyan likitoci suna can baya ne a asibitin sansani. Wanda yake tare da dakaru soja ne kamarsu da aka koya wa taimakon gaggawa, kuma shi ne yake rarrafawa zuwa wurin wanda harsashi ya kayar, ya yage masa kaki, ya danne raunin da bandeji har jini ya tsaya, ya yi masa allurar rage zafi, sannan ya nemo waɗanda za su ɗauke shi zuwa mota. Zubar jini tana kashe mutum cikin mintuna kaɗan, saboda haka rayuka da yawa a hannunsa suke kafin likita ya ga kowa. Yarjejeniyar Geneva ta 1949 kan dokokin yaƙi ta haramta kai wa irinsu hari, sai dai igwa ba ta tantance wanda za ta faɗa wa. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka kai sojojinmu ƙasar Bama (Myanmar ta yanzu) a runduna ta 81 da ta 82, zazzaɓin cizon sauro da atini sun kwantar da mutane ba adadi, kuma waɗannan bayin Allah ne suka yi jinyarsu a daji. A ganina ba a ba su haƙƙinsu a tarihinmu ba.

Game da adana labarin, ki shiga ta ƙofar da ya buɗe miki da kansa. Ki tambaye shi sunan malamin asibitin, da garinsu, da abin da ya ce masa a lokacin, bayan kin nemi izininsa ki naɗi muryarsa a waya. Kada ki taɓa tambayarsa ko ya kashe mutum, kuma idan ya yi shiru ki bar shi sai wani jiƙon. Ki ɗauki hoton lambobin yabonsa da takardar sallamarsa, ki rubuta lambar bataliyarsa, domin da ita ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha zai iya haɗa shi da abokan aikinsa da suka rage. Idan kuwa yana firgita cikin barci, ku kai shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa, domin larura ce da ake magani.