Tambaya da Amsa: Yadda alamomin karta za su yi ja da kansu a Word

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Ni malamin lissafi ne ina koyar da 'yan SS2 da SS3, ina haɗa musu handawut ne a kan darasin furobabiliti saboda WAEC da NECO, ka san tambayoyin nan ba sa rabuwa da kwalin karta mai 52, a ce an zaro ɗaya menene yiwuwar ta zama ja ko ta zama sarki. To yawancin yaran nan musamman matan ba su taɓa riƙe karta ba, sai na ce bari in sa alamomin a ciki su gani da idonsu, ♥ da ♦ su fito ja, ♠ da ♣ su tsaya baƙi. Matsalar ita ce shafi 38 ne kuma alamomin sun fi ɗari uku, ɗaya bayan ɗaya nake bi ina canza kala wallahi har idona ya fara ciwo, kuma duk sanda na ƙara tambaya sai na koma. Wani ya ce min akwai wani abu makro da yake yi da kansa, don Allah a taimaka. Daga wani malami a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri da wannan ƙoƙari. Gaskiya abin da ka yi tunani daidai ne, yaron da bai san cewa kartar gida huɗu ce, kowane gida 13, ja 26 baƙi 26 ba, ko ya haddace fomula faɗuwa zai yi a tambayar, don ba lissafin ne ya kayar da shi ba rashin sanin kayan ne. Amma ka daina bi ɗaya bayan ɗaya daga yau.

Abu na farko da nake so ka riƙe, ita kwamfuta ba zuciya take gani ba, lamba take gani. A tsarin Unicode, wanda yake ba kowane harafi da alama lambarsa a kwamfuta, ♠ lambarta 2660, ♣ 2663, ♥ 2665, ♦ kuma 2666. In ka rubuta 2665 a Word ka danna Alt da X tare nan take za ta koma ♥, haka kuma in ka ajiye kosa, wato ɗan layin nan mai ƙiftawa inda kake rubutu, a bayan alamar ka sake danna Alt da X za ta nuna maka lambarta. Sai dai ka kula da wani tarko da yake kama masu rubutun karta sosai, in ka rubuta 7 ko A sannan ka liƙa 2665 a jikinsa, Word zai haɗa su ya karanta 72665 ko A2665 ya ba ka wani abu daban ko akwati fanko, saboda A zuwa F su ma lambobi ne a wannan ƙirgar. Sai ka bar sarari tukuna ka goge daga baya, ko ka yi hailait ɗin 2665 ɗin kaɗai kafin ka danna.

Kafin ma mu je makro, aikin shafi 38 ɗin nan minti ɗaya ne. Danna Ctrl da H, a akwatin Find what ka liƙa ♥, a akwatin Replace with ka rubuta ^& wato ma'anarsa a mayar da abin da aka samu yadda yake, kana cikin wannan akwatin na biyu sai ka danna More, ka danna Format, ka zaɓi Font, ka sa kalar ja, sannan Replace All. Ka maimaita da ♦ shikenan. Mutane da yawa a nan suke kuskure, suna sa kalar alhali kosa tana akwatin sama, sai Word ya tafi neman zuciyar da dama can ja ce ya dawo ya ce bai samu komai ba.

To amma tunda ka ce kullum kana ƙara tambayoyi, a nan makro yake da amfani. Makro ba wani abin tsoro ba ne, umarni ne kake rubutawa sau ɗaya ka ajiye, duk sanda ka kira shi ya yi maka aikin. Danna Alt da F11, wata taga za ta buɗe, a gefen hagu ka danna Normal, sai Insert sai Module, ka rubuta wannan daidai yadda yake:

Sub JanKarta()
Dim a
For Each a In Array(9829, 9830)
With ActiveDocument.Content.Find
.ClearFormatting
.Replacement.ClearFormatting
.Text = ChrW(a)
.Replacement.Text = "^&"
.Replacement.Font.Color = wdColorRed
.Format = True
.Execute Replace:=wdReplaceAll
End With
Next a
End Sub

Ka rufe tagar ka koma kan rubutunka, Alt da F8, ka zaɓi JanKarta ka danna Run. Waɗannan 9829 da 9830 ɗin su ne dai 2665 da 2666 na ɗazu a ƙirgar da muka saba ta goma-goma. Kar ka ce bari ka sauƙaƙa ka liƙa ♥ ɗin kanta a cikin makron, tagar nan ba ta gane irin waɗannan alamomi, za ta mayar da ita alamar tambaya, kuma in ka kunna shi a haka duk wata alamar tambaya da ke handawut ɗinka ce za ta koma ja, ka ga takardar da tambayoyi ne zalla ai an samu aiki. Na ce ka sa shi a Normal ne don ya zauna a kwamfutar gaba ɗaya, kowane fayil ka buɗe yana nan. Wannan makron jikin rubutu da tebur yake bi, abin da ka sa a cikin Text Box ko saman shafi ko ƙasansa ba zai taɓa ba, waɗannan sai ka gyara da hannu.

In kuma kana so tun kana taifin ta fito da kalarta, akwai hanyar da ni na fi so. Ka yi ♥ ɗaya ka mayar da ita ja ka yi mata hailait, ka je File, Options, Proofing, AutoCorrect Options, za ka ganta ta riga ta shiga akwatin dama, ka tabbatar an zaɓi Formatted text, a akwatin hagu ka rubuta wasu haruffa da ba kalma ba ne kamar zcy ka danna Add. Daga ranar duk sanda ka rubuta zcy ka danna sarari jar zuciya ce za ta fito.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna a wasiƙarka Malam, kuma ita ce nake roƙon ka tsaya ka duba. Handawut ɗin nan ya za a raba wa yara? In dai fotokwafi za a kai a buga baƙi da fari kamar yadda aka saba, duk jan nan da muka sha wahala a kai toka-toka zai fito ko ma baƙi ƙirin in tona ta yi yawa, yaro ya kalli ♥ da ♠ a ƙaramin rubutu ya ga kusan abu ɗaya ne an kifa, kuma tambayar cewa take ja ko baƙi. Maganin wannan yana cikin Unicode ɗin, akwai masu farin ciki wato zane kawai ba a cike ba, ♡ lambarta 2661, ♢ kuma 2662. Sai ka yi fayil biyu, mai kala na turawa a waya ko nunawa a allo, da na fotokwafi inda ka canza ♥ zuwa ♡ da ♦ zuwa ♢ da Ctrl da H ɗin nan, ka bar baƙaƙen a cike, ka rubuta a shafin farko cewa duk alamar da ba a cike ba ja ce. Ko injin ya tsufa yaro zai bambance. Ni a ganina wannan ya fi kalar muhimmanci ga ɗalibanka.

Tambaya: Salam. Ina aikin taifin a bizines senta, wani kwastoma ya turo min fayil ta imel ya ce akwai makro a ciki mai gyara kalar alamomin karta amma da na buɗe sai wani jan layi ya fito a sama wai an toshe, na gwada a wayata ma ba abin da ya yi. Sannan wasu zuciyoyin da ya kwafo daga WhatsApp ko na canza kala ba sa canzawa. Daga wata 'yar'uwa a Kano.

Amsa: Hajiya wannan jan layin ba lalacewa ba ce, kariya ce. Tun 2022 Microsoft suka mayar da shi ƙa'ida cewa duk fayil ɗin da ya zo daga intanet a toshe makronsa, saboda ta nan ɓarayi suka daɗe suna shigo da bairos, tun zamanin Melissa a 1999 wadda ta bazu a duniya ta fayil ɗin Word. Ana iya buɗewa, ki danna fayil ɗin da maɓallin dama, Properties, ki sa alama a Unblock. Amma ni shawarata kar ki yi. Kwamfutar shago ce, akwai furojet ɗin ɗalibai da takardun mutane a ciki, kuma shi kwastoman ma wataƙila wani wuri ya kwafo bai san abin da ke ciki ba. Ki yi Save As ki ajiye shi a matsayin docx, wannan nau'in ba ya ɗaukar makro sam, mai ɗauka shi ne docm, sai ki rubuta wancan gajeren da na ba malamin Zariya da hannunki tunda layi goma sha huɗu ne kuma kina ganin abin da kowanne yake yi.

Waya kuma ki bar wahalar da kanki, Word na waya ba ya kunna makro, haka na burauza ma. Amma in kin gama a kwamfuta kalar tana nan ko a ina aka buɗe.

Zuciyoyin WhatsApp ɗin nan emoji ne, yawanci ma ba ta karta ba ce, wata ce daban mai lamba 2764, shi ya sa makro zai tsallake ta, kuma emoji da kalarsa yake zuwa. Ki kwafi ɗaya ki sa a Find what, ki sa ♥ ta gaskiya a Replace with ki canza su duka, in har yanzu tana fitowa kamar hoto ki mayar da font ɗinta Segoe UI Symbol ko Arial.

Tambaya: Malam ni a Excel nake so, ina da layin da aka rubuta kamar 10♦ da K♠, zai yi? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Zai yi ƙanina, kuma ba ka ma buƙatar makro. Yi hailait ɗin layin, Home, Conditional Formatting, Highlight Cells Rules, Text that Contains, ka liƙa ♦ ka zaɓi jan rubutu, ka sake yi da ♥. Wannan duk abin da ke cikin akwatin zai mayar ja har da 10 ɗin, kuma haka yake a kartar gaske, lambar da alamar kala ɗaya ce. Daɗin abin shi ne duk sabon da ka rubuta da kansa zai canza ba sai ka kunna komai ba. In lallai alamar kaɗai kake so ta yi ja to sai makro mai bin harafi-harafi da umarnin Characters, shi kuma a kan rubutun da aka shigar da hannu kawai yake aiki, akwatin da fomula ce ta fitar da abin da ke cikinsa ba ya karɓar kala biyu. In Ofis ɗinka na Faransanci ne kamar yadda yake a yawancin kwamfutocin Nijar, sunan wurin Mise en forme conditionnelle, yana ƙarƙashin Accueil.