Ga mai tambaya kan aikin tsara sufuri da gyaran titunan birni

Wa alaikumus salam. Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ka gama digirin Jogirafi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kana sha'awar shiga cikin masu tsara zirga-zirgar ababen hawa da gyaran tituna, kana son sanin ta ina ake farawa, kuma ko sai injiniya. Na daɗe ina cin abinci a wannan aikin nan Sakkwato, bari in ba ka ɗan abin da na gani.

Ba sai injiniya ba. Injiniya shi ke faɗin kaurin kwalta da girman kwalbati, COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ce ke yi masa rajista. Amma ina titi zai bi, ina za a sauke fasinja, ina mai tafiya a ƙasa zai tsallaka, wannan na mai tsara birane ne, su kuma hukumar da ke yi musu rajista ita ce TOPREC. Da takardarka kana iya ƙarin karatu a sashen tsara birane na ABU Zariya, ko ka nemi kwas a NITT, cibiyar fasahar sufuri da aka kafa can Zariya a 1986. Ka koyi zana taswira da kwamfuta tun yanzu.

Takarda dai ƙofa take buɗe maka kawai. Ina sabon shiga, aka ba ni aikin ware wa 'yan kabu-kabu wurin tsayawa kusa da wata kasuwa, don sun toshe bakin ƙofa. Na zauna ofis na zana abina tsaf, aka shafa fenti, aka kafa allo. Sati guda ko mutum ɗaya bai tsaya wurin ba. Na je da fushina, sai wani dattijo cikinsu ya kama hannuna ya ce, "Yaro, zo ka tsaya nan inda ka zana mana, ƙarfe biyu na rana, in ka kai la'asar mu ma za mu dawo." Watan Afrilu ne, zafi ya haura digiri 40, babu ko inuwar kara a wurin. Kuma matar da ta fito da buhun gero a ka ba za ta taka har can neman babur ba. Muka mayar da tashar gindin wasu itatuwan dogon yaro, ɗan nesa kaɗan da ƙofa, suka koma da kansu ba tare da ko ɗan sanda ba. Har yau in na bi ta wurin sai na ji kunyar allon farko.

Shi ya sa nake gaya wa yaranmu cewa rabin aikin nan zama ne da mutane: shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW, 'yan keke Napep, sarkin kasuwa, mai unguwa. Ko Legas da ake misali da ita, da hukumar sufurinta, LAMATA, ta fara manyan motocin bas masu layinsu daban a titi (BRT) a 2008, da ƙungiyar direbobin ta yi tafiyar, ba ture su ta yi ba.

Sai ruwa. Mu nan ruwa ya fi tirela kashe titi. Rani ya cika magudana da yashi da leda, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya ya kwanta kan kwalta, shi ke nan sai ramuka. Tambayi mutanen unguwar Mabera. Yashe kwata ba ya shiga labarai kamar gadar sama, amma in ka zama babba kai za ka yi ta faɗa a saka kuɗinsa a kasafi. Ka kuma san titin wa kake taɓawa: hanyar Gusau ta tarayya ce, wasu na jiha, wasu na ƙaramar hukuma, kuma mai ƙorafi ba ruwansa, kai zai zaga.

Albashin fa na ma'aikacin gwamnati ne, kar in ruɗe ka. Kujerar shugabanci kuma ba ta zuwa da wuri.

In da gaske kake, gobe ɗauki littafi da biro ka tsaya shataletalen Gawon Nama daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe. Ƙirga babur nawa, keke nawa, mota nawa, ka lura ta ina 'yan makaranta ke tsallakawa. Ka maimaita ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Turo mini abin da ka samu mu duba tare.