An tura injin jirgin Amurka: mu jira rahoto kafin mu nemi diyya?

Tambaya: Maigidana ya rasu a wani ƙaramin jirgin shata da injinsa ya mutu a sama, a nan Najeriya. An ce mana an kai injin Amurka domin bincike. Shin sai sakamako ya fito za mu nemi diyya?

Amsa: Hajiya, Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri. Kada ku jira.

Kai injin waje ba wata rufa-rufa ba ce. Ƙa'idojin binciken haɗarin jirgi da ke ƙarƙashin Yarjejeniyar Chicago ta 1944 sun ɗora ragamar bincike a kan ƙasar da haɗarin ya auku, wato a nan hukumar binciken haɗurra ta Najeriya, NSIB. Amma ƙasar da ta ƙera jirgin ko injinsa tana da damar turo wakili. Idan injin na Amurka ne, hukumar binciken haɗurra ta Amurka, NTSB, ce ke shigowa, galibi tare da injiniyoyin kamfanin da ya ƙera shi, a kwance injin a inda ake da kayan aikin. Kafin rahoton ƙarshe ya fito ma sai an aika wa waɗannan ƙasashe daftarinsa, a ba su wa'adi su ce wani abu. Ana so a kammala cikin wata 12, amma sau da yawa yakan wuce haka.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: binciken ba don ku ake yin sa ba. Manufarsa hana sake aukuwar haɗari, ba ɗora wa wani laifi ko yanke diyya ba. Agogon shari'a kuwa ba ya tsayawa dominsa. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda dokar zirga-zirgar jiragen sama ta Najeriya ta shigo da tanade-tanadenta har ga tafiye-tafiyen cikin gida, ta ba da shekara 2 kacal a shigar da ƙara a kan kamfanin da ya ɗauki fasinja. Idan suka cika, haƙƙin ya faɗi, ko da rahoton bai fito ba. Tunda shata aka yi aka biya kuɗi, ku fara da kamfanin da masu inshorarsa, a rubuce.

Ƙarar kamfanin da ya ƙera injin hanya ce mai tsada da wuya. A Amurka akwai dokar 1994 da ta hana, sai a wasu 'yan yanayi, ƙarar masu ƙera ƙananan jirage idan jirgin ko kayan da ya lalace ya haura shekara 18. Yawancin ƙananan jirage kuwa tsofaffi ne. Shi ya sa littafin gyare-gyaren injin yake da muhimmanci: lauyanku ya rubuta ya nemi a adana shi.

Ki ajiye rasidin shata, takardar shaidar rasuwa da duk saƙon da kamfanin ya aiko. Idan aka kawo kuɗi da takarda aka ce ki sa hannu, kada ki sa sai lauya ya karanta, domin wata takardar yafe sauran haƙƙinku ce baki ɗaya.