Waya a kan tsauni: babu sabis, ga sanyi, za a iya dogara da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazaunin Agege ne a nan Legas, ina sana'ar kayan waya a Computer Village. Mu biyar muka haɗa kuɗi za mu je Mambila a ƙarshen Disamba, muna son hawa tsaunin Chappal Waddi. In Allah ya kai mu baɗi kuma muna da burin Kilimanjaro. Abokaina sun ce tunda ni ne mai harkar waya, maganar taswira a wuyana take. Na saba da Google Maps a cikin gari, amma an ce can babu sabis, wani kuma ya ce sanyi yana kashe batir. Shin waya kaɗai ta isa, ko sai na sayi na'urar GPS ta musamman?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ba sai ka sayi wata na'ura ba, wayar da ke aljihunka za ta yi aikin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ta zama ita kaɗai ce madogararku. A jeji, abin da ya fi kayar da mai waya ba rashin sabis ba ne. Batir ne, sai taswirar da bai sauke ba tun yana gida.

Mu fara da maganar sabis, don a nan mutane suka fi ruɗewa. GPS ba ya bi ta kan eriyar kamfanin layi. Wayarka saurare kawai take yi, tana karɓar sigina daga taurarin ɗan'adam da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kuma da ta ji guda huɗu ta san inda kake. Yawancin wayoyin yanzu, har masu araha, ba GPS na Amurka kaɗai suke ji ba, suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Ko ka cire layi, ko ka taɓa alamar jirgin sama ka katse komai, ɗigon nan shuɗi mai nuna inda kake a taswira zai fito. Hazo da gajimare ba sa hana shi. Abin da data ke yi shi ne hanzarta kamun farko, shi ya sa a Ikeja kana buɗewa yake nuna ka. A jeji yana iya ɗaukar 'yan mintuna, musamman in ka yi doguwar tafiya wayar tana kashe. Ka tsaya a fili inda sama take a buɗe, ka ba ta lokaci, kada ka yi ta kashewa kana kunnawa. A fili kuskurenta bai cika wuce 'yan mitoci ba. Cikin kwazazzabo ko ƙarƙashin kurmi mai duhu kuwa ɗigon yakan yi tsalle-tsalle, irin yadda yake yi tsakanin dogayen benaye na Marina.

To amma ɗigo a kan farin allo bai gaya maka komai ba. Taswirar ita ce ke zuwa ta intanet, don haka sai ka sauke ta tun kana Legas. Google Maps yana bari a sauke yanki, sai dai in babu data hanyar mota kawai yake lissafawa, ba ya ba da hanyar ƙafa, kuma ba don jeji aka gina shi ba. Ka nemi manhaja irin su OsmAnd ko Organic Maps ko Gaia GPS, ka sauke taswirar Taraba har da layukan da ke nuna tudu da kwari. Layukan nan su ne rabin ilimin: inda suka matsu da juna gangare ne mai tsanani, inda suka warwatsu ƙasa ce mai sauƙin taka. Wuri biyu za su yi kusa a allo, alhali tsakaninsu akwai kwarin da zai cinye muku rabin yini. Ka sauke ɓangaren Kamaru da ke maƙwabtaka shi ma, domin tsaunin a kan iyaka yake. Ka kuma sani cewa OsmAnd da Organic Maps daga OpenStreetMap suke ɗebo bayanansu, taswirar da 'yan sa-kai ke zanawa tun 2004. A Turai kusan kowace 'yar hanya an zana ta. A ƙauyukanmu ba haka ba ne, akwai burtali da hanyoyin ƙafa da yawa da babu wanda ya taɓa sa su.

Kafin tafiya ka gwada a gida. Ka sa wayar a yanayin jirgi, ka taka daga Agege zuwa Ogba, manhajar tana ajiye sawunka, sannan ka bi sawun ka dawo. In taswirar ta ƙi buɗewa, gara ka gano hakan a bakin titi.

Yanzu batir. Wanda ya ce maka sanyi yana kashe shi ya faɗi rabin gaskiya. Batir ɗin litiyom yana aiki ne da sinadaran da ke kai-komo a cikinsa, sanyi kuma yana rage musu kuzari. Cajin yana nan bai tafi ko'ina ba, fitowa ce take masa wuya, kamar manja da ya daskare a galan lokacin hunturu: galan a cike, ka karkata shi ya ƙi zuba. Sai ka buɗe kyamara ko taswira, wayar ta nemi wuta da yawa lokaci guda, ƙarfin batir ya faɗi, ta ɗauke tana nuna kashi 30 ko 40. Ka sa ta a jikinka ta ɗumama, ka kunna, sai ka ga cajin ya dawo. Kamfanin Apple ya rubuta cewa an yi iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da hakan ba. Mu a Legas gefen zafin muka sani, wayar da aka bari a gaban mota cikin go-sulo. Gefen sanyin ne baƙo a wurinmu.

Yaya sanyin zai kai? A ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau zafi yana raguwa da kimanin digiri 6.5. Legas a bakin teku take, Chappal Waddi kuwa mita 2,419 ne, shi ne mafi tsawo a Najeriya. Tsawon kaɗai ya zabge kusan digiri 16, kafin a zo ga iskar hunturu da sanyin asuba. Wannan sanyin zai gigita mutumin Agege, amma lafiyayyen batir zai jure shi. Wanda ba zai jure ba shi ne tsohon batir, kuma a nan kai ka fi ni sanin kasuwa. Batir ɗin da ya sha caji shekara uku, ko tokunbo da aka canza wa batir marar asali, a zafin Legas yana iya ɓoye aibinsa, sanyi ne ke tona shi. A ƙarshen 2017 Apple da kansa ya amsa cewa yana rage saurin wasu tsofaffin iPhone don kada su riƙa ɗaukewa idan batir ya tsufa ko ya yi sanyi. Saboda haka ka duba wayoyin nan biyar ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda lafiyar batir ɗinta ta sauka ƙasa da kashi 80, ko take mutuwa kafin caji ya ƙare, a canza mata batir mai kyau ko a bar ta ga ɗaukar hoto.

Maganin sanyin kuwa jikinka ne. Wayar ta zauna a aljihun ciki, ƙarƙashin rigar sanyi, kusa da ƙirji. Ba a aljihun jaka ba, ba a aljihun wando na waje ba. Ka fito da ita, ka duba, ka mayar, duka cikin minti ɗaya. Da dare ta kwana tare da kai cikin bargo ko jakar barci, ita da fawa bank, don shi ma litiyom ne, sanyi yana kama shi daidai yadda yake kama waya. Akwai kuma kuskuren da ba ya gyaruwa: yi wa batir caji alhali ya yi sanyi ƙasa da digiri 0. A irin wannan hali litiyom ɗin yana taruwa a inda bai kamata ba, ya lalata batir ɗin har abada. Wasu wayoyin suna ƙin karɓar caji da kansu, amma kada ka jira wayo daga waya. Ka ɗumama ta a jiki tukuna, sannan ka jona, ka bar su biyun cikin riga suna caji. Kada a kanga ta a wuta kuma, zafin garwashi ya fi sanyin illa.

Sauran tattalin caji ka san shi. Yanayin jirgi daga lokacin da sabis ya fara rawa, domin wayar da ke neman eriya ba ta samu ba ta fi kowace shan batir. A rage hasken allo. A bar bidiyo da kiɗa. Tocilar waya ba tocila ba ce, kowa ya sayi ta ɗaurawa a goshi. Shawarata ku raba aiki: waya ɗaya ta riƙa ajiye sawun tafiya, ta biyu mai taswira iri ɗaya ta zauna a kashe cikin rigar wani, sauran ku yi hotunanku. Ajiye sawun nan ya fi komai daraja idan hazo ya rufe tsauni, domin ko taswira ba ta san hanyar ba, ta san inda kuka bi. Ku kuma sa alama a inda kuka bar mota, da zangon kwana, da mashayar ruwa, da duk mararrabar da kuka tsaya kuna gardama.

Fawa bank mai 20,000 mAh ya isa tafiyar 'yan kwanaki, amma kada lissafi ya yaudare ka. Wayar Tecno ko Infinix mai 5,000 mAh ba za ta cika sau huɗu da shi ba, wuta tana ɓacewa a hanya, sau biyu da rabi zuwa uku za ka samu, in na gaske ne. Ka gwada shi a shago ka ƙirga. In ta jirgi za ku bi, a jakar hannu ake riƙe shi, ba a sa shi cikin kayan awo. Iyakar ƙarfin batir da aka saba yarda da ita a jirgi ita ce 100 Wh, mai 20,000 mAh kuwa kusan 74 Wh ne. Ka riƙe igiyar caji biyu, gajeru.

Ga wani abu da ba a cika tunawa ba sai an je. Ka yi alwalar asuba da ruwan rafi, yatsu sun ƙage, hannu a jiƙe, ka ɗauko waya don duba alƙibla. Allon ba ya jin yatsa mai ruwa yadda ya kamata, ba ya jin safar hannu ta ulu, na'urar hoton yatsa ma sai ta ƙi ka. Ka goge hannu, ka tabbata kana tuna lambobin buɗe wayar, ka sayi safar da ake iya taɓa allo da ita ko ɗan alƙalamin allo. Kamfas ɗin cikin waya shi ma yana da laulayi, maganaɗisun da ke jikin wasu kwandunan waya yana karkatar da shi. Ka cire irin wannan kwando, ka juya wayar a iska kamar kana rubuta 8 don ta daidaita. Kamfas na hannu ba shi da tsada kuma ba ya cin batir, ku riƙe ɗaya, tare da taswirar yankin da kuka buga a takarda kuka sa a leda. Ita ma wayar leda mai zif take so saboda raɓa. In ta yi sanyi sosai kuma za ka shiga ɗaki mai ɗumi, ka bar ta cikin ledar a rufe har ta saki, don gumin ya taru a jikin leda maimakon cikin waya.

Chappal Waddi yana cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, mafi girma a ƙasar nan, hedikwatarsa tana Serti a kan hanyar hawa Mambila. Ku tuntuɓi hukumar gandun kafin ku tashi, ku ɗauki ɗan jagora na yankin. Wannan ba ya cikin abin da za a yi ciniki a kai. Shi ya san inda rafi ke ƙetaruwa, da gonar da ba a ratsawa, da hanyar da ba a bi a wannan makon saboda dalilin da babu tauraron da zai gaya maka. Wayarka aikinta ta tabbatar da inda kuke, ta kuma mayar da ku zango in kun rabu da shi. In ta ce dama shi ya ce hagu, ku tsaya ku tambaye shi dalili, amma galibi shi ne da gaskiya.

Ka koya wa kowa a cikinku yadda ake karanta lambobin wuri daga manhajar, guda biyu ne, na Legas kusan 6.5 da 3.4. In wani abu ya faru kuka hau tudu kuka sami sanda ɗaya ta sabis, ku tura lambobin ta tes, ya fi kira saurin wucewa. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ita ma sai da sabis. Saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam da ya zo da iPhone 14 a 2022 a wasu ƙasashe kawai yake aiki, kada ka sa shi a lissafi. Ku bar wa wani a gida tsarin tafiyarku da ranar da ya kamata ya ji muryarku.

Kilimanjaro wani babi ne. Tsawonsa mita 5,895, kuma dokar Tanzaniya ba ta barin kowa ya hau sai da jagora mai lasisi, don haka ɓata hanya ba shi ne abin damuwa ba. Sanyin ne. Ana tashi hawan ƙarshe da tsakar dare, a yi sa'o'i ana tafiya cikin sanyin da ya yi ƙasa da daskarewar ruwa sosai, kuma a can sabon batir ma yana ɗaukewa. Ka cika ta a zangon ƙarshe tana da ɗumi, ka kashe ta gaba ɗaya, ka sa ta a aljihun rigar da ke manne da fatarka, kada ka kunna sai kun isa allon Uhuru, wato ƙololuwar tsaunin. Fawa bank ɗin ya zauna a ɗaya aljihun, amma kada ka jona su a can sama, ka bari sai kun sauko rana ta ɗaga.